Tsawo Kafin Faɗi

Safiya, wannan takardar taki ce, ko da yake na san ƙannenki ma sai sun leƙa. Ranar kamunki na ji da kunnena wata daga dangin babanki tana faɗa wa ta kusa da ita cewa, ai uwar amaryar ce wadda ta je shagon mai hoto tana cikin takaba. Ke ma kin ji, don na ga yadda kika ƙara jan mayafi. Ba ki tambaye ni ba, ni ma ban ce miki komai ba, hidima ta yi yawa. To, ba ƙarya suka yi ba, na je. Amma rabin maganar suka riƙe, shi ya sa na zauna in rubuta miki sauran da ɗan rubutun da na koya daga baya a makarantar matan aure. Kin tuna firam ɗin ɗakin kakarki Inna, Allah ya ji ƙanta, wanda zoben ratayarsa yake a gefe maimakon sama, har kina ƙarama kike cewa kafintan da ya yi shi gyangyaɗi yake yi? Kafinta ba shi da laifi.

Ko rarrafe ba ki fara ba babanki ya rasu. Ya hau babur zai je kasuwar Mashi sayen awaki, a wajen Dutsi mota ta ɗebe shi. Da safe na zuba masa koko, da la'asar aka shigo da shi a rufe. Iyayena suna garin Babban Mutum, amma a nan Daura na yi takaba, a ɗakina, cikin gidansu, tare da Inna da babban wansa, Baffanki Lawal, da iyalinsa. Ba kwalli, ba turare, ba leƙa ƙofar gida. Abin da ya rage mini keken ɗinkina ne da ke. Ana ta ce mini in yi haƙuri, ina kuma yi, amma akwai abin da ban iya faɗa wa kowa ba: na fara manta fuskarsa. Muryarsa tana nan, har gyaran muryar da yake yi kafin ya ɗaga labule. Amma in na rufe ido ina neman fuskar sai ta ƙi tsayawa. Sai in ɗauke ki in yi ta juya ki a hasken taga ina neman hancinsa, ina neman girarsa, har ki gaji ki fashe da kuka. In zauna a keke in tashi, in ɗebi ruwa in manta abin da zan yi da shi. Abin da nake ta nanatawa a zuciyata shi ne, in ni da na zauna da shi na manta, me zan faɗa miki ranar da kika tambaya?

Ba mu da hoton biki. Aurenmu ya zo daidai da farkon Shari'a, ana ta wa'azi a rediyo da masallatai, Baffanki ya ce mai hoto ba zai taka gidan ba. Ya sauke duk abin da ke rataye a zaure, har kalanda mai hoton doki. Ni ma a jerena akwai wani firam mai hoton dawisu, na zare dawisun na ajiye firam ɗin fanko a bayan gado. Ɗakin Inna ne kaɗai bai taɓa ba. A can, bayan jeren kwanoninta, akwai hoto ɗaya da aka ɗauka wata Sallah kafin kakanki ya rasu. A kwance hoton yake, mutum biyar a jere. Kakanki yana zaune a tsakiya, 'ya'yansa maza biyu ta dama biyu ta hagu. Baffanki yana ƙarshen wancan gefen, ya ɗaure fuska. Babanki, da yake shi ne Auta, yana ƙarshen wannan gefen, ya dafa kafaɗar wansa, shi kaɗai ne yake dariya. Duk duniya nan ne kawai fuskarsa ta rage.

Damina ce, rufin Inna yana yoyo ta kusurwar nan. Wata rana ina goge mata kwanoni na ga danshi ya shiga firam ɗin ta gefen babanki. Takardar ta manne da gilashi, wani tabo ruwan ƙasa ya ci takalminsa ya kama hawa wandonsa. Daga ranar na samu sabon ciwo. Kullum sai na ƙirƙiro dalilin shiga ɗakin in duba inda tabon ya kai. Da ya kai gwiwa na kasa daurewa.

"Inna, ruwa yana cin hoton nan."

"Na gani."

"Ki ba ni aro a kai a wanke shi babba. Yarinyar nan ba ta san shi ba."

Ta daɗe tana jan carbi. "Kin san halin Babban," ta ce, don ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Na ce na sani. Ta tashi da kanta ta ciro shi, ta goge gilashin da bakin zaninta, ta miƙo mini amma ba ta saki ba.

"Rabi, ki dawo mini da yarana yadda kika ɗauke su."

Na koma ɗaki na jawo firam ɗin dawisu, na ɗauki tef ɗina. Nan ne zan so ki gane da kyau. Mu teloli daga kafaɗa muke farawa. Tsawo ake fara ɗauka, daga sama zuwa ƙasa, sannan a zo faɗi. Riga ce, hijabi ne, labule ne, haka wadda ta koya mini take yi, haka nake yi, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi akasin haka ba. Na ɗauka haka duk duniya take awo. Na sa tef daga saman firam zuwa ƙasa, inci sha biyu. Daga gefe zuwa gefe, sha shida. Na sake aunawa sau ba adadi don tsoron kuskure. Na yagi bayan kwalin shayi na rubuta 12, na rubuta 16 a gabansa. Ban ƙara komai ba, don a lokacin rubutuna na boko a lambobi ya tsaya.

Kawu Idi na ba, ƙanen Inna, dillalin dabbobi, kin san shi da barkwanci. Ya cusa hoton a ƙarƙashin babbar rigarsa ya dafe ciki.

"Yau ni ke da cikin 'yan biyar. In Malam Lawal ya tare ni a zaure sai in ce wake na ci."

"Kawu, don Allah ka ba shi takardar nan hannu da hannu."

"Tela uwar awo. Ko inci ɗaya ba zai ɓata ba."

Da ya dawo ya ce mai hoton yana bakin tasha, yana da sabuwar na'urar kwafa, amma manyan hotuna a Kano ake wanke masa, sai ya tara aiki yake aikawa. A yi haƙuri zuwa wani satin. Shi kuma Kawu ya wuce kasuwannin kan iyaka da garken wani Alhaji, ba ranar dawowa.

Ina cikin jiran nan Hajara ta shigo, ƙawata ta maƙwabta, wadda mijinta yake aiki a inda ake buga katin biki da kalanda. Ta kawo yadi in yi wa yaranta riguna. Ina auna yadin tana ba ni labari don ta sa ni dariya.

"Ke, jiya maigidan ya dawo yana ta faɗa, ku teloli kun ishe shi. Wani telan kasuwa ya aiko a buga masa takardar talla da zai liƙa a saman ƙofar shago, ya rubuto awo. Aka buga, ta fito doguwa tsaye kamar sandar rake, sunan shagon ya datse biyu. Ya zo yana kumfar baki."

"To, ba su bi awonsa ba ne?"

"Sun bi mana. Shi tsawo ya fara rubutawa, irin naku. Su kuwa mutanen takarda faɗi suke fara faɗa, kwance tukuna sannan tsaye. Ya ce duk mai buga takarda da mai wanke hoto haka yake karantawa, daga nan har Ikko."

Almakashi yana hannuna, na ji ya yi nauyi. Na ce, "Har mai hoto?"

"Har shi."

"In abin bai shiga ba fa?"

"Sai su riƙe tsakiya su datse gefe. Rabi, lafiya? Kin ga fuskarki kuwa?"

Sha biyu, sha shida. Na juya firam ɗin a cikin kaina ya tashi tsaye, na jera mutum biyar a ciki, na ga wanda zai faɗo ta gefe. Ban san yadda na sallami Hajara ba. Na roƙe ta ko mijinta zai je, ta ce ya bi motar Katsina tun safe. Lokacin ba kowa ke da waya ba, a gidanmu babu ko ɗaya. Na shiga ɗaki na fito, na sake shiga. Na ɗauke ki na ajiye ki. Abu ɗaya nake riƙe da shi: Kawu ya ce sai an tara aiki, wataƙila ba a aika ba tukuna, wataƙila in an je yau a tarar. Baffanki ne kaɗai namijin da ya rage a gidan. Na tsaya a bayan ƙofar zaure na yi sallama, na faɗa masa komai. Ya saurare ni har na gama, bai ɗaga murya ba.

"Wato an fitar da shi ban sani ba."

"Yaya, ka yi haƙuri. Kalma ɗaya za a faɗa masa, a kwance ake so."

"Rabi, ni ba zan tsaya a shagon hoto ba, kin sani. Takarda ce. Wanda ke kabari addu'a yake bukata, ba a rataye shi a bango ba. Ki koma ɗakinki, ki kiyaye takabarki. In Kawu ya dawo ya ji da abin da ya ɗauka."

Na koma ɗakin. Na yi azahar, ban san me na karanta ba. Na zauna a keke na ɗinka hannun rigar yaron Hajara a wuya, na farke. Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Da na ji Baffanki ya fita masallaci, sai kawai na ga hannuna yana goya ki. Na zura tsohon hijabina mai ruwan toka. Dole ta ƙofar Inna zan wuce, tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta dube ni daga sama har ƙasa. Na tsaya, ina jira ta ce in koma, kuma da ta ce da na koma. Sai ta ture farantin, ta kwanta, ta juya fuskarta bango.

"Ni barci nake yi," ta ce.

Tun ranar da aka shigo da babanki ban ga titi ba. Hasken ma sai da ya sa ni jiri. Na bi ta lunguna ina sauri, ke kina ta tsalle a bayana kina murna. A wata mararraba na ga 'yan agaji da kakinsu, na canza hanya ko da yake ko kallona ba su yi ba. Wata mai ɗinki a wurina ta gane ni, ta saki baki.

"Rabi? Ba takaba kike ba?"

Na wuce kamar ban ji ba. Da na isa bakin tasha sai na tuna ban san shagon ba. Na zagaya, na sake zagayawa, iska ta fara kwasar leda. Ba yadda zan yi, na tsaya gaban teburin mai shayi, maza cike da benci, na ce don Allah ina shagon mai hoto. Ɗaya daga cikinsu abokin cinikin babanki ne, ya zo gaisuwa gidanmu. Ya nuna mini da hannu. To, daga bencin nan maganar da kika ji ranar kamunki ta taso.

Mai hoton dattijo ne mai tabarau, ba yaro ba. Na ce aikin da Kawu Idi dillali ya kawo, na mutum biyar, kada a aika tukuna.

"Ai Hajiya har ya dawo jiya. Ya yi kyau ƙwarai, bari ki gani."

Ya zaro shi daga babban ambulan yana murmushi. A tsaye yake. Kakanki a tsakiya, har zaren hularsa ana gani. Wa ɗaya ta dama, wa ɗaya ta hagu. A kan kafaɗar na hagun akwai yatsu huɗu, ba mai su.

"Ina na gefen?"

"Sha biyu da sha shida aka rubuto, ga takardar. Faɗi sha biyu, tsawo sha shida, a tsaye ke nan. Mutum biyar a jere ba sa shiga a tsaye, sai dai su koma kamar ƙwayar gero. Har na tambayi dattijon da ya kawo, na ce anya? Ya ce in yi yadda aka rubuta, mai awon tela ce, ba ta kuskure. Sai na ɗauka tsohon ake so."

"Na asalin fa? Ba ni na asalin."

Murmushin ya tafi. Ya ce ta cikin gilashi na'urar ba ta ɗauka da kyau, gefe ɗaya kuma ya manne, in ya ja zai yage. Da ya ga gefunan ba za su shiga aikin ba, sai ya sa reza ya yanko tsakiyar. Ya miƙo mini ita, 'yar guntuwa. Ya tona kwalin da yake zuba yanke-yanke ya samo wani siririn yanki, Baffanki ne a tsaye shi kaɗai da ɗaurarriyar fuskarsa. Na dafa teburinsa.

"Wanda ya manne ɗin mijina ne. Ya rasu. Wannan 'yarsa ce."

Ya cire tabarau. Ya yi salati, ya sake yi. Ya ce, "Baiwar Allah, da an ce mini a kwance ake so, wallahi da ban kusance shi da reza ba." Sannan ya juya da sauri har ya ture kujera. A bayan ƙofa, kusa da bokitin ruwa, gilashin yana jingine da bango.

"Yau nake cewa zan jiƙa shi in kankare, in mayar muku da gilashinku fes. Wutar lantarki ce ta zo da safe na tsaya aiki."

Ta baya farar takarda ce kawai mai tabo. Na juyo shi. Gilashin duk fanko ne, sai can a ƙarshe babanki yana tsaye, ya miƙa hannu wajen da ba kowa, yana dariya. Tabon yana nan a gwiwa bai wuce ba. Na daɗe ina kallo. Hancin naki ne, ashe, duk juyin da nake yi miki a taga yana gabana ban gani ba. Mai hoton ya ce in bar masa ya gwada kwafe shi ta gilashin, ba sai na ba da komai ba. Na ce a'a. Ba don na riƙe shi ba, ba zan iya sake barin shi a hannun kowa ba ne. Ya naɗe mini shi a kwali, na sa shi cikin hijabi na rungume a ƙirji, babban hoton a ƙarƙashin hammata, ke a baya. Muna fita ruwa ya sauko.

A jiƙe sharkaf na iso. Zaure cike da maza sun fake wa ruwa, Baffanki a tsakiyarsu. Ba wata ƙofar. Na yi sallama na ratsa su kaina a ƙasa. Ba wanda ya amsa. Na ji Baffanki ya ce, "Allah ya shirya," shi ke nan. Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwata ba har na gama takaba na koma Babban Mutum, kuma sai da kika shiga makaranta ya fara cewa "lafiya" in na durƙusa. Mata da yawa suka kwashe ɗinkinsu. Aka ce hoto na je ɗauka don in aika wa wani. Da baban ƙannenki ya zo nemana, sai da aka kai masa maganar har gida. Kada ki riƙe Baffanki a zuciya, a gaban mutanensa na ratsa, kuma abin da ya yi imani da shi ya tsaya a kai. Ko fitar ta halatta ko ba ta halatta ba, malamai biyu na tambaya daga baya, amsa biyu na samu, na bar wa Allah.

Amma ranar ba Baffanki nake tsoro ba. Na tsaya a ƙofar Inna ruwa yana ɗiga daga hijabina, na kasa ɗaga labule. Ita ta ce in shigo kafin in sa wa yarinya mura. Na durƙusa na kwance kayan a kan gadonta, na faɗa mata yadda aka yi. Ba ta dubi babban hoton ba. Ta ɗauki guntuwar tsakiya ta ajiye. Ta ɗauki siririn yankin ta ajiye a damanta, ta ɗan tsaya a kansa.

"Babban dama ba ya son hoto. Ga shi an cire shi, sai ya huta."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ta ɗauki gilashin da hannu biyu, ta tura guntuwar a ƙarƙashinsa a hankali, tana gyarawa, har hannun babanki ya haɗu da yatsunsa a kan kafaɗar wansa. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, bakinta yana motsi.

"Sun cika," ta ce.

Ta sa aka juya firam ɗin dawisu tsaye aka sa babban hoton, ya shiga daidai, aka buga masa ƙusa, zoben ya koma gefe. Guntayen biyu ta ƙulle a bakin zani. Gilashin kuwa ta turo mini shi.

"Wannan ba nawa ba ne, ba naki ba ne. Ki ajiye wa mai shi."

Yana ƙasan akwatina, cikin zanin goyonki. Tun kina ƙarama nake fito miki da shi ki gani in mayar, ban taɓa bari kin riƙe ba, kina cewa rowa nake yi. Yanzu kin yi ɗakinki, in kin zo ki tafi da abinki. In za ki yi masa firam, ga awon: daga gefe zuwa gefe inci goma, daga sama zuwa ƙasa takwas, a kwance yake. Amma kada ki rubuta a takarda ki ba wani. Ki ɗauke shi ki je da ƙafarki, ki tsaya a kan kafintan har ya gama.